Rediyon da Zayyanu Bai Ƙarasa Ba

Ranar da Shatu ta cika kwana arba'in cikin takaba, ƙaninta Mode ya zo Bodinga daga ƙauye da labarin da ya ƙi fitowa daga bakinsa. Ya zauna a gefen tabarma yana murza hularsa, ya yi zancen albasa, ya yi zancen hanya, ya gaishe ta har sau uku. Sai da ta ce, "Mode, hwaɗi abin da yak kawo ka," sannan ya faɗa. Inna, uwarsu, ta kwanta. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata gardama, ko fura sai an yi da gaske take kurɓa.

Shatu ta miƙe tana laluben mayafi, ba ta ma san ta miƙe ba.

"Adda, zamna," in ji Mode. "Da saƙo nit taho. Inna ta ce in kinka taka ƙohwag gidanga kahin ki hita takaba, ba ta yahe maki ba."

Ta zauna. Wa zai ji wannan daga bakin uwa ya ci gaba da tsayuwa?

Abin haushin shi ne addini bai ɗaure ta haka ba. Tun ranar sadakar ukun mijinta limamin unguwa ya yi mata bayani daga zaure cewa mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, muddin za ta dawo ta kwana a ɗakin mijinta. Kuma daga Bodinga zuwa ƙauyensu, can bayan Mandera a ƙasar Shagari, tafiya ce da mutum zai yi da hantsi ya dawo la'asar ba ta yi ba. Amma Inna, wato Nana Hauwa, ba ta ɗaukar fatawa daga bakin liman da aka haifa a gabanta. Ita ta yi nata takabar shekara talatin da suka wuce, wata huɗu da kwana goma ko zaure ba ta leƙa ba, kuma duk ƙauyen an san wannan shi ne abin tinƙahonta.

Ga kuma wata. Shatu ce 'yar fari. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da haihuwarta, uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke wagga". In Shatu ta je ganin gida, nan take Inna za ta tuna da wani aiki a bayan ɗaki. In ta fara magana, Inna za ta katse ta kafin ta kai tsakiya. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, Shatu ma ta sani, amma sanin bai taɓa hana abin yi mata ciwo ba.

Haka kwanaki suka ci gaba da ja. Gidan marigayi Zayyanu ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da zaure da bishiyar dogonyaro, kuma Shatu ta haddace shi har ta gaji da haddar. Ta san tsagar da ke jikin katangar gabas, ta san lokacin da inuwa take kaiwa bakin randa. Babu kwalli, babu lalle, babu ɗaga murya. Keken ɗinkinta ma an rufe shi da zane, don Gwaggo Mariya ta ce ƙararsa tana kaiwa waje. Gwaggo Mariya ƙanwar uban Zayyanu ce da aka kawo ta zauna da mai takaba, tsohuwa mai kirki, amma in Shatu ta doshi wajen zaure ko da tsintsiya ce a hannunta, sai ta ji an yi gyaran murya a bayanta. Ranar kasuwa Shatu tana jin motoci suna wucewa kudu, hanyar gidansu, sai ta ji kamar ta daki bango da kai.

Waya ba ta da amfani. A ƙauyen nasu babu sabis sai mutum ya hau tudun da ke bayan gonaki, kuma wadda ba ta iya zuwa bakin ƙofa ba za ta hau tudu ba. Shatu ta gwada naɗar muryarta a wayar Mode ya kai. Ya dawo da amsar da ba ta kai numfashi biyu ba: an gode, jiki da sauƙi, a zauna inda aka ce. Ita kuwa Shatu ba gaisuwa take nema ba. So take ta yi magana da uwarta a ba ta amsa, tun kafin a zo mata da ɗayan labarin, na rasuwa.

Wata safiya tana sharar ƙarƙashin gado tsintsiya ta daki faranti. Ta jawo shi, ta zauna daɓas a ƙasa. Aikin Zayyanu ne na ƙarshe.

Zayyanu mai gyaran rediyo ne a kasuwar Bodinga, har zuwa lokacin da mutane suka daina kawo rediyo suka koma kawo tocila da lasifikar masallaci. Amma abin da ya ci masa zuciya shi ne haɗa rediyon da mutum zai yi magana a ciki a ji shi a wani gari, irin wanda ake ce wa oba-oba. Ya yi jarrabawa ya samo takardar izini, ya sa ta a gilashi ya rataye sama da gado. A shekararsa ta ƙarshe ya ce zai haɗa guda biyu, ɗaya na Inna, ɗaya na Shatu, masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda batirin babur zai riƙe su mako guda. Ya gama na Inna, ya kai da kansa, ya ɗaura mata eriya daga tsamiya zuwa rumbu, ya gwada shi da babban rediyon wani abokinsa na Sakkwato, ya dawo yana dariya shi kaɗai. Na Shatu yana kan faranti zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Zayyanu.

Da wansa Bawa ya zo tattara kayan mamaci ya kulle a ɗaki na biyu har ranar rabon gado, ya ga farantin. Shatu ta ce masa nata ne, marigayi ya ba ta. Bawa ya dubi gwangwanin biskit da aka huhhuda, da wayoyi cako-cako, ya ce, "Riƙe abinki."

Allah ya jiƙan Zayyanu, mutum ne da ba ya iya aiki bakinsa a rufe. Shekara ashirin Shatu tana ɗinki yana liƙi a gefenta, yana yi mata bayanin abin da ba ta tambaya ba. Wannan shi ke tace murya, wannan shi ke ƙara mata ƙarfi, wannan in ya sha zafi ya mutu. Tana cewa "uhm" don a zauna lafiya. Kuma tun da idonsa ya fara rauni ita ce mai yi masa naɗin waya, don hannun mai ɗinki ya fi nasa natsuwa. Yanzu da ta buɗe littafinsa ta ga zanen, sai ta ji duk surutun nan yana dawowa da muryarsa, har da inda yake tsayawa ya kurɓi shayi. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta share ido ta duba abin da ya rage. Ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya gama. Saura naɗi biyu, da taransisto na ƙarshe mai tura murya sama, da abin magana.

Ta ɗaga kai ta dubi takardar izinin. Sunansa ne a jiki, ba nata ba. Ta ce a ranta in an zo tambaya za ta amsa, ai an san inda za a same ta.

"Mi za ki yi da gawayi da hantsin ga?" in ji Gwaggo, da ta ga ta hura kurfoti.

"Liƙi za ni yi, Gwaggo."

"Mai takaba da liƙi?"

"An hana?"

Gwaggo ta binciki abin da ta sani na hani, kuma ta san da yawa, amma ba ta samo liƙi a ciki ba. Ta ja kujerarta kusa don ta sa ido.

Ƙarfen liƙin Zayyanu irin na dā ne, kan jan ƙarfe da mariƙin itace, a wuta ake gasa shi. In ya yi zafi da yawa dalma ta tsere, in bai yi ba ta dunƙule ta ƙi kamawa. Shatu ta ƙone yatsa biyu kafin ta gane cewa yadda take gwada dutsen guga kusa da kumatu, haka za ta gwada shi. Naɗin kuwa a jikin wasu 'yan zobba ne baƙaƙe da ba su fi zoben yatsa ba, kuma littafi ya ce zagaye ashirin da shida, kada a ƙara kada a rage. Sau biyu tana ɓata ƙirga saboda tunanin Inna. A na uku ta ce, "Gwaggo, ja mani da carbinki." Gwaggo ta ce carbi ba don wannan aka yi shi ba, ta yi istigfari, sannan ta ja. Daga ranar ta zama mai ƙirga, har tana yi wa Shatu tsawa in ta yi sauri.

Da ranar kasuwa ta zagayo Mode ya zo. Jikin Inna yana nan, yau da dama gobe babu. Shatu ta nuna masa farantin ta ce, "Na kusa gamawa. Daga jibi kullum in anka yi la'asar ka kunna akwatin Inna, ka aje shi kusa da kanta." Mode ya dubi farantin, ya dubi yayarsa da yatsu a naɗe da tsumma, ya ce, "To, Adda." Shi Mode haka Allah ya yi shi. Tun yana yaro ba a taɓa jin ya ce a'a ba, ko da a'a ce gaskiyar maganar.

Ba jibin ta gama ba. Da ta haɗa batir karo na farko ko tari akwatin bai yi ba. Kwana uku tana bin zane da yatsa, sai ta tuna Zayyanu yana kankare bakin waya da reza yana cewa wayar naɗi riga gare ta, in ba a tuɓe mata ba dalma ba ta kama ta. Ta warware, ta kankare, ta sake liƙawa. Lasifika ta yi wani shuuu kamar an zuba ruwa a kasko. Murna ta sa ta danna maɓallin magana ba ta haɗa eriya ba, sai ga ɗan hayaƙi da warin ƙauri. Taransisto ya tafi. Ta zauna ta haɗa kai da gwiwa, ta ce shi ke nan. Gwaggo ce ta zazzage ledar da ke kan faranti, wani irinsa sak ya faɗo, naɗe a takarda, da rubutun Zayyanu a jiki: na farko kullum ƙonewa yake.

"Ɗan nan ya san hali," in ji Gwaggo.

Eriyar gidan tana nan tun Zayyanu yana da rai, doguwar waya daga dogonyaro zuwa kan zaure, sai dai Gwaggo ta mai da ita igiyar shanya. Aka kwashe zannuwa. Shatu ta yi gwajin da littafi ya ce, ta haɗa ɗan ƙwan tocila a bakin fitar murya, ta danna, ta yi sallama a hankali. Ƙwan ya yi ja ya mutu, ya yi ja ya mutu, daidai da gaɓoɓin maganarta. Gwaggo ta ja da baya tana salati. Ranar Shatu tana da kwana sittin da ɗaya a takaba, kuma ranar ce ta fara jin katangar gidan ta ɗan matsa baya.

Da aka yi la'asar ta haɗa eriya, ta danna, ta ce, "Salamu alaikum. Mode, kana jina? Gare ka." Haka Zayyanu ya ce a riƙa yi, don akwatin ba ya magana da sauraro lokaci guda. Mai magana ya danna, in ya gama ya ɗaga yatsa, sannan ɗayan ya samu hanya. Ta ɗaga yatsa. Shuuu. Ta sake kira. Shuuu. Har inuwa ta haye katanga babu wanda ya amsa.

Kwana tara tana wannan. Ta sake bin kowane liƙi, ta sake naɗi ɗaya, ta sa Gwaggo ta kai batir caji wurin mai sola. Wata rana ta kama muryoyin wasu mutane can nesa suna wani yare, abin da ya nuna kunnen akwatin lafiya lau yake. Sai tsoro ya sauya kama. Ko dai ba mai kunnawa ne saboda gidan ya cika da masu zaman makoki, ana jiran wanda zai iya zuwa ya faɗa mata? Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta miƙe ta kasa kunne. Mode kuwa ya tsallake kasuwa guda bai zo ba.

Da ya zo, ba ta bari ya zauna ba.

"Inna na da rai?"

"Tana da rai, Adda."

"To don mi ba ka kunna akwatin ba? Kwana tara ina kira kamar mahaukaciya!"

Mode ya cire hula ya fara murzawa. Da ƙyar maganar ta fito. Tun ranar sadakar bakwai Inna ta sa ya kwance akwatin da eriyarsa ya kawo wa Bawa. Ta ce kayan mamaci ne, haƙƙin magada ne, ita ga ta da ciwo, ba za ta je kabari da abin wani a wuyanta ba. Shi kuma da Shatu ta ce ya kunna, bai zaci tarkacen nan zai tashi ba, ya ga gara ya ce to da ya ƙara mata baƙin ciki.

"Yana ina yanzu?"

Mode ya nuna da haɓa. Ɗaki na biyu, mai kwaɗo. Bango ɗaya ne tsakaninsa da inda take zama tana kira.

Shatu ta dubi bangon. Dariya ta zo mata, wata irin dariya marar daɗi, ta toshe baki da mayafi don kada a ji a waje, dariyar ta juye kuka. Mutanenmu ke nan. Tsoron Allah ya sa uwa ta mayar da abin da aka ƙera don ta ji 'yarta, ladabi ya sa ƙane ya ɓoye, kowa ya yi abin kirki, ita kuma an bar ta tana yi wa bango sallama.

Ta aika aka kira Bawa. Ya tsaya a tsakar gida, ita tana daga cikin ɗaki bayan labule.

"Yaya, akwatin da Mode yak kawo ba na gado ba na. Marigayi ya ba Inna shi kyauta, hannu da hannu."

"Shatu, ban ƙi taki ba," in ji Bawa. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa. "Amma abin da yash shiga ɗakin ga na rubuta shi. In nih hid da shi ba hujja, mi za ni ce ma ɗiyanku? Mi za ni ce ma Allah? Wa ash shaida?"

"Mode, hwaɗi abin da kaj ji. Kuma in kac ce mani to, sai na saɓa maka."

Mode ya ajiye hularsa. Ya ce yana tsaye a wurin. Zayyanu ya durƙusa ya ajiye akwatin a gaban Inna ya ce, ga bakin ɗiyarki na kawo maki, naki na har abada. Inna ta ce an gode, ta sa aka ɗora shi a kan randa.

Bawa ya ce zai tambayi liman. Kwana biyu ya ɗauka yana tambayar, don bayan liman sai da ya ƙara da wani malami a Dingyaɗi, kuma a kwana biyun nan Shatu ba ta iya haɗiye tuwo ba. A rana ta uku ya zo da makulli. Kyautar da aka karɓa ta fita daga gado. Malamin ya ƙara masa da cewa mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama. Ya miƙo akwatin da hannu biyu yana neman gafara, ita kuma ba ta da lokacin jin haushinsa. Ta gwada shi a ɗaki, yana aiki. Ta naɗe shi a zane ta ba Mode, ta ce eriyar ya mayar da ita inda take, daga tsamiya zuwa rumbu, in ya yanke ko taƙi ɗaya don ɗaure buhu kada ya sake ce mata Adda.

Washegari ta yi sallar la'asar ta zauna a gaban gwangwanin biskit. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa da carbi. Shatu ta danna, ta yi sallama, ta ɗaga yatsa.

Shuuu. Sai wani ƙas, sai murya 'yar ƙarama kamar daga cikin tulu. "Adda! Wallahi Adda ta! Inna, ga ta nan cikin gwangwani!"

Aka yi ta kokawa da abin magana a can, ana jin Mode yana cewa nan za ki danna, ki riƙe. Sannan muryar da Shatu ta yi wata biyu da rabi ba ta ji da rai ba ta fito, ta shaƙe, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Ke wagga. Daga ina kika magana?"

"Daga ɗakina, Inna."

"Ba ki hita ba?"

"Ban hita ba."

"To madalla. Allah shi yi albarka. A kashe abin ga haka nan."

Shatu ta danna da sauri, kuma da ta danna sai ta tuna abin da Zayyanu ya faɗa. Muddin yatsanta yana kan maɓallin nan, babu mai iya katse ta. Tunda ta zo duniya ba ta taɓa samun wannan a gaban Inna ba. Ta riƙe da kyau. Ta ce liman ya ce ana iya zuwa da rana a dawo. Ta ce saura kwana hamsin da shida ta fita takaba, kuma Mode ya ce ko fura ba ta sha. Ta ce ta rasa miji tana riƙe da hannunsa, wannan ta iya ɗauka, amma a ce uwarta tana nan kusa ta tafi ba ta gan ta ba, wannan ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ta ce tsoro take ji, kullum, tun daga asuba. Ta faɗi duka har ƙarshe, sannan ta ce, "Gare ki," ta ɗaga yatsa.

Amsar ta zo da zafinta. "Ni ina kwana sittin cikin takabab babanku uwata tar rasu Dandin Mahe. Ban tahi ba, kuma ban mutu ba. Magana ta ƙare."

Shatu ta jira shuuu ɗin da ke nuna an ɗaga yatsa. Bai zo ba. Sai ƙarar gado, da numfashi mai nauyi kusa-kusa, da kaza tana kuka a wani wuri. Inna ta sauke hannu a ƙirji da abin maganar a ciki, yatsanta yana nan a danne.

"Ka kashe?" in ji Inna.

"To, Inna," in ji Mode. Har yau Shatu ba ta san ko ya ga yatsan ba, kuma ba ta taɓa tambayarsa ba.

"Muryatta ta rame," in ji Inna. "Ba ta cin abinci, na ji." Ta huta. "Mode, da gaske liman yac ce ana zuwa da rana?"

"Haka yac ce, Inna. Malamin Dingyaɗi ma haka yac ce ma Bawa."

"Ni ba wanda yag gaya mani. Kwana takwas tana kirana, ana zuwa ana hwaɗa mani, ina zamne cikin ɗaki ina ganin lada nika samu." Numfashin ya sarƙe, ya dawo. "In nic ce ta taho, to ni zaman mi niy yi?"

Gado ya sake yin ƙara.

"Shatu nika son gani," in ji Inna. "Shatuna."

Shatu ta danna maɓalli da hannu biyu tana cewa na'am, na'am Inna, ga ni, da muryar da mai takaba ba ta isa ta ɗaga ba. Ba a jin ta. Hanyar tana hannun Inna, kuma akwatin ba ya ba mutum biyu hanya. Ta saki, ta zauna tana jin uwarta tana kuka a ƙasar Shagari, ita tana nata a Bodinga. Gwaggo ba ta yi gyaran murya ba. Carbin yana ƙasa, tana share fuska da gefen zane.

Can sai ƙas, sai shuuu.

Shatu ta goge ido, ta daidaita murya. Ta san uwarta. In ta nuna ta ji, kunya za ta sa Inna ta rufe ƙofar nan har abada. Ta danna.

"Inna, kamar maganak ku ta yanke, ban ji ƙarshenta ba. Ni dai ga abin da nika roƙo. Gobe da hantsi Mode shi zo shi ɗauke ni, in komo kahin la'asar. Amma ba ni taka zaure sai kin yarda. Gare ki."

Ta ɗaga yatsa. Shuuu ɗin ya yi tsawo har ta duba ko batir ne ya sauka. Inuwa ta kai bakin randa ta wuce. Wata mota ta bi hanya ta yi kudu.

Sannan aka danna a can.

"Mode, gaya ma wagga ta karya kumallo kahin ta taso. Gidan ga ba mai dama mata hura."

Shatu ta kifa goshi a kan gwangwanin, yana da ɗumi. Gwaggo Mariya ta tashi da ƙyar, ta durƙusa ta jawo takalman fita daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe yanar da ke cikinsu, ta ajiye su a bakin ƙofa.